Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun: Makaɗin Fada a Fagen Siyasa

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa Tudun Wada ta Gusau da yamma, ko ya tsaya tashar mota a Tsafe ko Bunguɗu, da wuya ya wuce bai ji muryar Alhaji Musa Ɗanƙwairo tana tashi daga wata rediyo ko wayar hannu ba, alhali kuwa mai muryar ya kwanta dama tun shekarar 1991. Mafi yawan masu saurarensa a yau ba su ga sarakunan da ya wasa ba, ba su kuma san rigingimun da suka haifi wasu daga cikin waƙoƙinsa ba. Zaƙin murya da gwanintar harshe su ne suka rage a kunnensu. Amma a zamanin da aka yi waƙoƙin, waƙar fada ba abin nishaɗi kaɗai ba ce. Tana ɗaukaka wani, tana kuma ƙasƙantar da wani, kuma duka biyun a bainar jama'a.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi rayuwar wannan shahararren makaɗi tun daga gidan ubansa har zuwa rasuwarsa, sannan ta duba wata tambaya da rayuwar tasa ta ƙunsa. Wato, idan jama'a ta rabu gida biyu a kan sha'anin mulki, makaɗi kuma ya rataya kayan kiɗansa ya bi ɓangare ɗaya, wane haƙƙi ne yake hawa wuyansa?

Asalinsa da Tasowarsa

An haifi Musa a garin Bakura wajen shekarar 1907, wato 'yan shekaru kaɗan bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903. Bakura da Maradun, garuruwan da rayuwarsa ta fi danganta da su, duk suna cikin Lardin Sakkwato a wancan lokaci, yanzu kuwa suna cikin Jihar Zamfara wadda aka ƙirƙiro a 1996, shekara biyar bayan rasuwarsa. Sunan mahaifinsa Usman Ɗankwanda, kakansa kuma shi ne Kaka Maiganga. Dukkansu makaɗa ne, saboda haka Musa gadon kiɗa ya yi, ba haye ba.

Laƙabin Ɗanƙwairo ya samo asali ne daga wani mutum da ke tare da mahaifinsa, ana ce da shi Ƙwairo, wanda aka sani da zaƙin murya. Da aka ga muryar yaron ta yi kama da tasa, sai aka riƙa kiransa Ɗanƙwairo, har sunan ya danne na yanka.

Kiɗan gidansu tun asali na noma ne. Makaɗin noma shi ne mai bin manoma gona ranar gayya, yana kiran sunan jarumi yana zuga shi, yana kuma yi wa rago ba'a don ya ji kunya ya ƙara himma. A nan Musa ya fara koyon abu biyu da suka zame masa jari har ƙarshen rayuwarsa, wato yadda ake kambama mutum har ya ji kansa ya fi ƙarfinsa, da yadda ake soka wa mutum magana ba tare da an ambaci sunansa ba. Tun yana ƙaramin yaro yake bin mahaifinsa wurin kiɗa, yana cikin 'yan amshi.

Daga baya gidan nasu ya koma kiɗan sarauta a ƙarƙashin Sarkin Ƙayan Maradun. Da mahaifinsu ya rasu, sai wansa Kurna ya gaji shugabancin ƙungiyar, Musa kuma ya zama Daudun Kiɗi, wato mataimakin shugaba kuma mai jiran gado. A wannan matsayi ya ƙware, har lokacin da ya tsaya da ƙafarsa ya shugabanci tasa ƙungiya.

Kiɗansa da Salonsa

Kayan kiɗan Ɗanƙwairo shi ne kotso. Kotso ganga ce mai baki ɗaya, ana rataya ta a kafaɗa, ana kaɗa ta da hannu, ana matsa tsarkiyarta don sauya amo. A al'adar ƙasar Hausa kotso na sarauta ne, kamar yadda taushi da jauje suke. Ba a ɗaukar sa a kai shi gidan biki don a kaɗa wa kowa da kowa.

Abin da ya bambanta Ɗanƙwairo da sauran makaɗan fada shi ne yadda ya sarrafa 'yan amshinsa. Ba gindin waƙa kawai suke maimaitawa ba. Yakan fara ɗa ya sake shi, su cafe su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari, shi kuma ya sake shigowa ta samansu, har mai sauraro ya rasa inda muryar jagora ta tsaya da inda ta mabiya ta soma. Wannan aiki ba ya yiwuwa sai da doguwar bita da sabo, shi ya sa mafi yawan 'yan ƙungiyarsa 'ya'yansa ne da danginsa. Harshensa kuwa Hausar yamma ce tsantsa, cike da karin magana da kirari da tarihin gidajen sarauta.

Ƙa'idar Makaɗan Fada

Kafin a fahimci abin da siyasa ta yi wa sana'ar Ɗanƙwairo, wajibi ne a san ƙa'idar da ya tarar. Makaɗin fada yana da ubangida ɗaya. Ubangidan shi ke ba shi muhalli da gona da sutura da doki, shi ke ɗauke masa nauyin sallah da na aure da na suna. Shi kuma makaɗi ba ya zuwa wata fada ya yi waƙa sai da izini, ba ya kuwa yi wa abokin hamayyar ubangidansa waƙa ko da za a cika masa gida da dukiya. Ta haka aka san Ibrahim Narambaɗa da Sarkin Gobir na Isa Amadu, aka san Sa'idu Faru da Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo, aka kuma san Salihu Jankiɗi, mutumin Rawayya ta ƙasar Bunguɗu, da Sarkin Musulmi Abubakar na III. Ke nan ƙaurace wa wata fada saboda biyayya ga wata ba baƙon abu ba ne ga makaɗan Hausa. Yana cikin tushen sana'ar.

Waƙar fada tana tafiya ne da ƙafa biyu, yabo da zambo. Ana yabon sarki da asali da addini da kyauta da jarunta. Ana kuma yin zambo da habaici ga waɗanda suka nemi sarautar tare da shi suka rasa, ko masu jiran ya kau su hau. To, abin lura a nan shi ne, waɗanda ake yi wa zambon 'ya'yan sarki ne. Suna da gata, suna da magoya baya, sau da yawa ma suna da nasu maroƙa da za su rama musu. Faɗa ne na cikin gida tsakanin tsara da tsara, kuma kowa ya san iyakarsa. Talaka ɗan kallo ne, ba a kansa sandar take sauka ba.

Ko a haka ma sai makaɗi ya yi taka-tsantsan, domin gidan sarauta ɗaya yakan rabu. Alal misali, da aka naɗa Abubakar na III Sarkin Musulmi a 1938, Ahmadu Bello, wanda shi ma ya nemi gadon, sai aka ba shi sarautar Sardauna aka tura shi Gusau ya kula da gundumomin gabashin lardin. A 1943 aka tuhume shi da cin kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta same shi da laifi, ya ɗaukaka ƙara aka wanke shi a Zariya. A irin waɗannan shekaru, duk makaɗin da ke Lardin Sakkwato ya san cewa kalma ɗaya a waƙa tana iya nuna ɓangaren da yake.

Zuwan Siyasar Jam'iyyu

A ranar 8 ga Agusta 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Malam Aminu Kano ya zo ya shugabanta. Kiranta shi ne sawaba ga talakawa daga zaluncin Hukumar En'e. A 1951 kuma Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC, ta zama jam'iyyar siyasa sosai, sarakuna da ma'aikatan En'e suka rufa mata baya. Sardauna Ahmadu Bello ya zama shugabanta, ya kuma zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954.

Garuruwan da jirgin ƙasa ya ratsa, irin su Gusau da Ƙaura Namoda, sun tara baƙi da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu waɗanda ba su dogara da fada ba wajen neman abinci. A irin waɗannan wurare ne kiran NEPU ya fi samun masu saurare. Sai dai fagen ba daidai yake ba. 'Yan doka da kotunan alƙalai da gidajen yari duk suna hannun En'e, haka nan izinin yin taron lacca. Ɗan adawa yana iya kwana a kurkuku a kan tuhumar zagin sarki ko yin taro ba izini. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda aka ɗaure sau da dama, ita ce misalin da aka fi sani, amma akwai teloli da mahauta da 'yan koli masu yawa da suka sha irin wannan wuya ba tare da an rubuta sunayensu ba.

Kowace jam'iyya ta gane cewa jama'ar da mafi yawanta ba ta karanta jarida, ta kunne ake kama ta. NEPU ta dogara ƙwarai da rubutattun waƙoƙi na mutane irin su Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin da Gambo Hawaja, ana haddace su ana rerawa a wurin taro. NPC kuwa, ban da nata marubuta, ta gaji abin da abokiyar hamayyarta ba ta da shi, wato makaɗan fada da kotsonsu da taushinsu da kwarjinin da jama'a ta saba ba su tun kaka da kakanni.

Ɗanƙwairo da Sardauna

A cikin wannan yanayi ne Ɗanƙwairo ya zama makaɗin Sardauna, da yardar ubangidansa na Maradun. Ɗan makaɗin noma ya zo yana wasa shugaban jam'iyyar da alamarta ita ce fartanya. Waƙar da ta fi fice cikin waɗanda ya yi masa ita ce wadda aka sani da suna Mai Dubun Nasara. Da aka buɗe gidan rediyon Jihar Arewa a Kaduna a 1962, muryarsa ta kai inda ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba, tun daga Sakkwato har Barno da Adamawa. Makaɗin hakimi guda ya zama makaɗin Arewa baki ɗaya.

Ta fuskar Ɗanƙwairo, babu wata ƙa'ida da ya karya. Sardauna jinin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne ta wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, basarake ne mai riƙe da sarauta, saboda haka kotso halalinsa ne. Salon da ya yi masa waƙa da shi, shi ne dai salon da ya gada: a ambaci kakanni, a yabi kyauta da riƙon addini, a yi habaici ga mahassada da masu ja da shi. Kuma akwai abin yabon, domin a zamanin Sardauna aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, aka kuma yi ƙoƙarin cusa 'yan Arewa cikin aikin gwamnati. Wanda ya saurari waƙoƙin zai ji muryar mai yi da zuciya ɗaya ce, ba ta wanda aka tilasta ba.

To, amma in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Kalmomin ba su canza ba, waɗanda suke sauka a kansu ne suka canza. Habaici ba ya kiran suna, mai sauraro ne ke ɗora shi a kan wanda ya ga ya dace. A fadar Maradun, in an ce maƙiyi, kowa ya san wane ɗan sarki ake nufi. A zamanin zaɓen 1959 ko na 1964 kuwa, in rediyo ta ce maƙiyin Sardauna, mutumin unguwa zai waiwaya ne ya dubi telan da ke da katin NEPU a aljihu. Wannan tela ba shi da maroƙi, ba shi da gidan rediyo, kuma in ya buɗe baki ya rama yana iya gamuwa da ɗan doka. Zambon da a da yake wasa tsakanin 'ya'yan sarki ya zama ƙarin nauyi a kan wanda dama shi ne a ƙasa. Wannan shi ne haƙƙin da siyasa ta ɗora wa makaɗan fada, ko sun lura ko ba su lura ba.

Sai dai adalci ya wajaba a nan. Shin Ɗanƙwairo yana da ikon ya ƙi? Mutum ne da bai san wata sana'a ba sai noma da kiɗan da ya gada, gidansa da abincin 'yan amshinsa duk suna hannun masu sarauta, masu sarautar kuwa su ne ƙashin bayan jam'iyya mai mulki. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Makaɗin da ubangidansa ya ce je ka wurin Firimiya, ya ce ba ya zuwa, ba waƙa kaɗai ya ajiye ba, ya ajiye gadon gidansu ne da abincin mutum da yawa.

Bayan Rasuwar Sardauna

A ranar 15 ga Janairu 1966 sojoji suka kashe Sardauna a gidansa na Kaduna, aka rushe jam'iyyu. A 1967 aka raba Jihar Arewa zuwa jihohi shida, daga nan kuma aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa rage ikon sarakuna. Wannan ya taɓa makaɗan fada kai tsaye, domin fadar da ikonta ya ragu ba ta iya riƙe makaɗi ita kaɗai kamar da. Dole ƙa'idar ubangida ɗaya ta sassauta.

Ɗanƙwairo ya ci gaba da sana'arsa a wannan sabon zamani. Cikin iyayen gidan da aka fi saninsa da su akwai 'Yandoton Tsafe Alhaji Aliyu na II, wanda waƙar da ya yi masa tana cikin fitattun waƙoƙin sarauta na Hausa, har ta sa sunan Tsafe ya shiga bakin mutanen da ba su taɓa ganin duwatsunta ba. Ya kuma yi wa manyan sarakuna waƙa a wajen lardinsu, kamar Sarkin Daura Muhammadu Bashar da Sarkin Kano Ado Bayero, ya yi wa hakimai da wasu masu hannu da shuni. Duk da wannan yawo, sunansa bai rabu da na Sardauna ba. Gwamnatoci sun zo sun wuce, na soja da na farar hula, amma duk ranar da aka tashi tunawa da Firimiya, waƙar Ɗanƙwairo ake sakawa.

Allah ya yi masa rasuwa a shekarar 1991 yana da shekara tamanin da 'yan kai, ya bar 'ya'ya da jikoki waɗanda suka ci gaba da riƙon kotso.

Ma'auni Daga Wasu Wurare

Tambayar da rayuwar Ɗanƙwairo ta tayar ba ta tsaya ga ƙasar Hausa ba, kuma duba yadda ta kasance a wasu wurare zai taimaka wajen yi masa hukunci na gaskiya. A cikin Nijeriya, lokacin da gwamnatin soja ta shirya bikin al'adun baƙar fata na FESTAC a Ikko a farkon 1977, wanda aka yi hawan dabarsa a Kaduna, Fela Anikulapo Kuti ya ƙaurace wa bikin, ya tsaya gidan rawarsa yana sukar gwamnati. Kwana kaɗan bayan an tashi, a ranar 18 ga Fabrairu 1977, sojoji suka ƙone gidansa, suka jefo mahaifiyarsa ta taga, ta rasu a shekarar da ta biyo. Wannan ya nuna abin da ƙin yi yake iya jawowa. Amma Fela yana da abin da Ɗanƙwairo ba shi da shi, wato masu sayen faifansa da masu biyan kuɗin shiga gidan rawarsa. Jama'a ce ubangidansa, ba fada ba.

A Afirka ta Kudu kuwa, Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi kira a 1980 ga mawaƙa da su ƙaurace wa ƙasar saboda mulkin wariyar launin fata. Duk da haka mawaƙin Amurka Paul Simon ya je Johannesburg a 1985 ya ɗauki kiɗa tare da baƙaƙen makaɗan ƙasar, ya fitar da faifan Graceland a 1986. Wasu suka ce ya karya takunkumi. Amma Miriam Makeba, wadda gwamnatin wariyar ta hana ta komawa gida tun 1960, ta bi shi yawon wasa a 1987, domin a ganinta aikin ya ɗaga muryar waɗanda ake zalunta ne, bai ƙarfafa azzalumi ba. Ashe ke nan ko waɗanda suka sha wuyar abin ba su tsaya ga tambayar ina mawaƙi ya je ba. Abin da suka duba shi ne wa ya amfana da zuwan nasa, wa kuma ya cutu.

Kammalawa

In an auna Ɗanƙwairo da wannan ma'auni, za a ga abu biyu. Na farko, ya riƙe amanar sana'arsa yadda ya gaje ta. Ya shiga hidimar Sardauna ta ƙofar da al'ada ta yarda da ita, kuma bai zama irin mawaƙan da ake gani a zamanin yau ba, masu wasa ɗan takara bana su zage shi baɗi in wani ya fi shi kyauta. Na biyu, amana ga ubangida ba ta ɗauke haƙƙin wanda ba ya cikin yarjejeniyar. Yabo, aljihun ubangida kaɗai yake ci. Zambo kuwa mutuncin wani yake ci, kuma nauyinsa yana ƙaruwa gwargwadon raunin wanda aka yi wa. Makaɗi ba ganga ba ne da zai ce duk wanda ya buga shi sai ya yi ƙara. Shi ke zaɓen kalma, shi ke sanin inda za ta faɗa.

Ɗanƙwairo yana da uzurin zamaninsa, domin a gabansa aka ɗauki kiɗan fada aka kai shi fagen da ba a ƙera shi dominsa ba, kuma ba shi da wata ƙofar da zai fita. Mawaƙin yau, wanda ke da 'yancin karɓar aiki ko ƙin sa, wanda kuma waƙarsa ke zaga ƙasa a yini ɗaya, ba shi da wannan uzuri. Ya kamata ya gaji gwanintar Ɗanƙwairo da riƙon amanarsa, sannan kafin ya saki habaici ya tambayi kansa ko wanda zai sha dukan yana da bakin ramawa.

Allah ya jiƙan Alhaji Musa Ɗanƙwairo, ya gafarta masa kurakuransa, amin.